Ranar Naɗin Sarkin Ruwan Bronx

Duk wanda ya taɓa shiga tasin Alhaji Braimah daga unguwar Morrisania zuwa filin jirgi, to da labari ya sauka. In fasinja ya ce daga asibiti yake, Alhaji ya taɓa taya likita fiɗa a Kumasi. In ya ce shi soja ne, Alhaji saura ƙiris ya zama kanar, mahaifiyarsa ce ta yi kuka aka bar maganar. Gajere ne, mai tumbi, mai murya kamar lasifikar masallaci, kuma tun da yake ba a taɓa ambaton wani abu a gabansa ya ce bai iya ba.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai, wato sarauta. 'Yan zangon Ghana mazauna Bronx suna da sarkinsu, Sarki Kadri, wani dattijo mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba. Saboda haka sarautu suka riƙa fita daga hannunsa kamar goro a wurin ɗaurin aure. An naɗa Sarkin Samari, mutum mai jikoki. An naɗa Sarkin Direbobi, wanda aka karɓe wa lasisi tun bara. An naɗa Sarkin Noma, wanda ko tukunyar fure babu a tagarsa. Shi kuwa Alhaji Braimah, duk ranar naɗi aikinsa riƙe wa wani lema.

Wata Juma'a kafin azumi, an sauko daga masallaci ana tsaitsaye a bakin titi, sai ya tare Sarki a gaban jama'a.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni fa hannuna ya gaji da lema."

Sarki ya ce, "Alhaji, sarautun sun ƙare. Na duba, na sake dubawa, babu wadda ta rage."

"Akwai ɗaya. Sarkin Ruwa."

A gefe kuwa akwai Harouna, mutumin Nijar mai sayar da huluna da tabarau a Fordham Road, wanda ba ya barin maganar Alhaji ta faɗi ƙasa. Ya juyo da ɓawon ayaba a hannu.

"Mi? Sarkin Ruwa? Wane ruwan, na famfo ko na kwalba?"

"Na teku, ɗan Faransa! Ni da na haye tafkin Volta da akuya a ka?"

"Bon. Kai ka ɗauko akuyar, ko ita ta ɗauko ka?"

Aka fashe da dariya. Alhaji ya buga ƙirji har carbinsa ya yi tsalle. Ya ce iyo ai na yara ne, shi nutso yake yi, irin na Turawa, wanda ake goya tulun iska a baya a sauka ƙasan teku a gaisa da kifaye. Sarki, don ya samu ya tafi cin abinci, sai ya ce to, a kawo shaida. In shaida ta zo, ranar da jama'a za su fita shan iska a Orchard Beach bayan Ƙaramar Sallah, a nan bakin ruwan za a naɗa shi.

Gaskiyar magana, Alhaji Braimah ɗan tsakiyar Kumasi ne, kuma ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka. Amma sa'a ta zo masa. 'Yarsa Tahiratu, wadda ke aikin jinya, ta daɗe tana roƙon iyayenta su je hutun 'yan kwanaki a wani tsibiri na Karebiyan, shi kuwa yana cewa ba zai je inda ake yawo da ɗan kamfai ba. Ranar yana shiga gida ya ce da ita, "Wannan tsibirin naki, ana koyar da nutso a can?"

"Ana koyarwa, Baba. Amma kai ai ko iyo..."

"Ba koyo zan yi ba. Tuni zan yi."

Matarsa Hajiya Sumaya tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba ta ce, "Allah ya sa a tuna lafiya."

Kafin mako ya zagayo Alhaji ya sayo kayan nutso na hannu a wurin wani mutum da ya samu a intanet: tulun iska, tabarau mai rufe hanci, takalman agwagwa, ɗamarar darma mai nauyi, da rigar roba baƙa mai rufe jiki daga wuya har idon sawu. Sai dai mai rigar na farko dogo ne siriri. Da Alhaji ya zura ƙafa, rigar ta kai gwiwa ta tsaya. Aka ja, aka tura, ta ƙi. Daga ƙarshe Hajiya ta ɗauko gwangwanin man kaɗe ta shafe shi tun daga ƙafa har wuya, ita tana jan dama, Tahiratu tana jan hagu, har ya faɗa ciki. Ya tsaya gaban madubi hannuwa a bubbuɗe, ba sa saukowa.

"Yaya kuka gani?" Muryarsa ta fito siririya.

Tahiratu ta ce, "Baba, kana iya numfashi kuwa?"

"Ina yi paa, sosai ma. Haka ake so, don kada ruwa ya samu wurin shiga."

Ya ce zai ɗan gwada kafin tafiya. Ya shiga banɗaki, ya cika baho, ya sa tabarau, ya cusa wani ɗan bututu a baki, ya kwanta rigingine yana kallon silin ta ƙarƙashin ruwa. Abin ya yi masa daɗi matuƙa. Sai dai da kunne ya nutse ba a jin ƙarar famfo, shi kuwa bai rufe ba.

A hawan da ke ƙasa da nasu wata bazawara ce, Hajiya Hussaina, mai dafa abincin biki. Tana tsaye kan tukunyar miyar gyaɗa sai ta ga ɗigo yana faɗawa ciki daga sama. Kafin ta matsar da tukunyar, ɗigon ya zama yayyafi. Ta hau bene da ludayi a hannu, ta wuce Hajiya Sumaya a falo ba sallama, ta banke ƙofar banɗaki. Wata baƙar halitta mai sheƙi, mai ido ɗaya na gilashi da ƙaho a baki, ta taso zaune daga cikin baho.

"A'uzu billahi!" Ta maka mata ludayi a ka.

"Hajiya, ni ne! Braimah ne!"

"Na san kai ne, shi ya sa zan ƙara!"

Da ƙyar aka raba. Mai kula da ginin ya zo ya yi ta faɗa da Turanci, Alhaji yana tsaye a rigar roba, ruwa na zuba daga jikinsa, yana yi masa bayanin cewa bututun gidan ne ba su kai ingancin na Ghana ba.

Aka tafi tsibiri. Hajiya Sumaya ta ga farin yashi da itatuwan kwakwa ta ce masha Allah, ta samu inuwa ta zauna. Alhaji kuwa ya nufi wurin masu koyar da nutso. Malamin wani saurayi ne ɗan tsibirin, mai fara'a, ya tara ɗalibai a bakin wurin wankan otal yana nuna musu yadda ake shaƙar iska daga tulu, da alamun da ake yi da hannu a ƙarƙashin ruwa. Kowace magana ya faɗa sai Alhaji ya gyaɗa kai ya juya ga sauran ɗalibai ya ce, "Daidai ne. Yaron ya iya." Da malamin ya tambaya ko akwai wanda bai iya iyo ba, Alhaji ya yi dariya har da dafa kafaɗar na kusa da shi.

Aka shiga ruwa. Malamin ya ce kowa ya durƙusa a hankali har ruwa ya rufe kansa. Alhaji ya durƙusa. Ruwa ya rufe shi, duniya ta yi tsit, babu abin da yake ji sai numfashinsa yana gurnani kamar na wani dodo. Sai ɗan ruwa ya sulalo cikin tabarau ya taɓa masa hanci. Shi ke nan. Alhaji ya tofar da tiyon iska, ya buɗe baki zai yi salati, ya sha. Ya damƙi abin da ya fara zuwa hannunsa, ashe wandon malamin ne. Malamin ya ƙwace, Alhaji ya lalubo wata tsohuwar Baturiya da ke motsa jiki a gefe, ya haye bayanta kamar yaron goye. Ita tana ihu, shi yana ihu, mijinta yana dukansa da jarida.

Malamin ya daka masa tsawa ya ce ya miƙe tsaye kawai. Ya miƙe. Ruwan a ƙirjinsa ya tsaya.

Washegari aka ɗebi sauran ɗalibai a kwalekwale zuwa teku, aka ce Alhaji zai iya bi ya yi kallo. Ya bi, amma bai kalli komai ba sai ƙasan bokiti, don tun da injin ya tashi cikinsa ya juya.

Ana gobe za su dawo, ya lura da bangon zauren otal ɗin. An zana ƙarƙashin teku a jikinsa daga sama har ƙasa, shuɗi shar, da kifaye kala-kala da wani ƙaton kifin shak ya buɗe baki. Da sassafe, kafin baƙi su sauko karin kumallo, ya sa Hajiya ta sake shafe shi da man kaɗe, ya shiga kayansa, ya tsaya gaban bangon da ƙafa ɗaya a sama, hannu ɗaya a kan hancin shak ɗin.

"Ɗauka, Hajiya. Ki karkata wayar kaɗan, ya zama kamar ina shawagi."

Ta ɗauka. Ta miƙa masa wayar ta ce, "Alhaji, ka ji ni da kyau. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba zan kuma tona ka ba. Wanda ya tambaye ni zan ce na gan ka a cikin ruwa, na kuma ji muryarka."

Hoton ya riga su isa Bronx. Duk azumin nan, bayan an sha ruwa, babu hirar da ake yi a ƙofar masallaci sai ta Alhaji da shak. Kifin ya fara da tsawon mutum, kafin goman tsakiya ya kai tsawon tasi, a goman ƙarshe ya kai bas. Har malamin nutson ma, in ji Alhaji, ya roƙe shi ya zauna ya riƙe musu makarantar.

Harouna ya karɓi wayar, ya ja hoton da yatsu biyu har ya girma, ya ƙura ido.

"Alhaji, wanga abu a kusa da ƙafarka, mi ne ne? Kamar soket ɗin lantarki."

Alhaji ko gezau bai yi ba. "Soket ne mana. Kai ka ɗauka ko'ina Nijar ne? Mutanen sun ci gaba, har ƙasan teku sun ja wuta."

"To, kuma ba ka jiƙe ba."

"Rigar ba ta shan ruwa."

"Gemun hwa?"

"Harouna, hassada za ta kashe ka."

Sarki Kadri ya duba hoton ba tabarau a idonsa, ya ce shaida ta yi.

Ranar Lahadin bayan Sallah, Orchard Beach ta cika maƙil. 'Yan zango suka kama gefe guda da tabarmi da kuloli na dafa-duka, mai tsire ya hura wuta, mata sun sha ado kamar gidan biki, ga 'yan Nijar da 'yan Najeriya an gayyato. A ɗaya gefen mutanen Fotoriko sun ƙure kiɗansu suna rawa a kan yashi. Alhaji Braimah ya iso cikin babbar riga mai aiki har ƙasa. Kayan nutso kuwa ya jera su a kan tabarma, tulu a tsaye, takalman agwagwa a gaba, don jama'a su gani su ƙaru. Bai yi niyyar ko taɓa ruwa da yatsa ba.

Aka zaunar da shi a kujera, yau wani ne ya riƙe masa lema. Maroƙi ya ɗauki lasifika yana kirari: kada mai gemu, mai kwana a ƙasan teku, wanda shak ke yi wa barka da zuwa. Alhaji ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Sarki ya buɗe wata tsohuwar jaka ya fito da farin rawani. Ya ce da jama'a, da yake wanda aka aiko daga Kano bai iso ba, zai ara wa Alhaji wannan na yau kawai. Na mahaifinsa ne, da shi aka naɗa marigayin a unguwar Nima can Ghana, kuma shi kaɗai ne abin da ya zo da shi Amurka daga kayan tsohon. Aka yi kabbara. Sarkin Samari ya kama baki ɗaya, Sarkin Noma ya kama ɗaya, suka ja baya suna warware shi.

Sai iska ta taso daga bayan itatuwa. Ta kifar da lema, ta kwashe faranta na takarda, ta shiga cikin rawanin ta cika shi kamar tutar jirgi. Sarkin Samari ya saki don ya dafe hularsa, Sarkin Noma ya saki don ya ga ɗan'uwansa ya saki. Rawani ya tashi sama, ya wuce kan masu rawa, ya je ya shimfiɗe a kan ruwa, yana tafiya a hankali.

Sannan kowa ya juyo ya kalli Alhaji.

Harouna ya ce, "Wallahi Allah na sonka. Ba a ko naɗa ka ba aiki ya zo. Tashi ka tahi."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ai yanzu na ci abinci. A ƙa'idar nutso ba a shiga ruwa da cikakken ciki."

Hajiya Hussaina ta ce daga cikin mata, "Ƙarya ne, ba a buɗe kula ba tukuna."

"Kuma gishirin wannan ruwan daban yake da na can. Sai jiki ya saba."

"Gishiri ya fi shak?" in ji Harouna.

Alhaji ya buɗe baki zai kawo wani dalili, sai idonsa ya faɗa kan Sarki. Tsohon ya taka har bakin ruwa, takalminsa na jiƙewa bai sani ba, yana kallon farin ƙyallen yana nisa. Ya juyo ya ce, "Alhaji, na mahaifina ne."

Babu sauran hanya. Aka zagaye Alhaji da tabarmi don ya sauya kaya. Da yake ba a zo da man kaɗe ba, mai tsire ya ba da kwalbar man gyaɗarsa, wadda yaji ya riga ya shiga. Maza huɗu suka taru a kansa, wani na cewa a ɗaga tumbin, wani na cewa a danna shi, Alhaji na nishi yana cewa a yi a hankali da kayan aiki. Da aka janye tabarmi sai ga shi baƙi ƙirin yana ƙyalli, yana ƙamshin tsire, tulu a baya, darma a ƙugu. Kiɗan maƙwabta ya ragu, wayoyi suka tashi sama.

Ya ɗaga ƙafa zai taka, takalmin agwagwa ya kafe a yashi, ya kifa da fuska. Aka ɗaga shi. Ya ce dama haka ake gaida ƙasa kafin a shiga ruwa. Ya juya yana tafiya da baya, ya bi ta kan kwanon salak ɗin wasu mutane.

Sai aka busa usur. Wata budurwa mai jan kaya, cikin masu gadin bakin ruwa, ta sauko daga doguwar kujerarta ta ce ba a shiga nan da tulun iska, doka ta hana. Alhaji ya ji kamar an yi masa albishir da Aljanna. Ya juya ga jama'a ya buɗe hannu.

"Kun ji ko? Hukuma ce. Ni na shirya, amma mu baƙi ne a ƙasar nan, dole mu bi doka."

Tahiratu, wadda ke fassara wa mata, ta ce, "Baba, ta ce ka ajiye tulun kawai ka shiga. Wai wurin ba zurfi."

Ya harare ta kamar ba shi ya haife ta ba. Harouna da kansa ya zo ya kwance masa tulun, har da yi masa addu'a.

Alhaji ya shiga. Ruwa ya kai idon sawu, ya waiwayo, jama'a suka tafa. Ya kai gwiwa, ya sake waiwayowa, maroƙi ya ƙara kirari. Rana ta dafa rigar roba, yajin man gyaɗa ya fara aiki a inda ba a faɗa, tabarau ya yi hazo har ba ya ganin komai sai fari-fari a gaba. Ruwa ya kai ƙugu. Ya miƙa hannu, yatsunsa suka taɓa bakin rawanin, ya damƙe. Bakin ruwa ya kaure da kabbara. Alhaji ya ji wani daɗi ya ratsa shi, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin.

Sai wani abu ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya tsoma fuska ya duba. Ta cikin gilashi ya hangi wata halitta mai ƙoƙon baya kamar hular kwano, da doguwar wutsiya mai tsini, tana hawa kan takalminsa. Ya ɗago kai, ya tattara duk muryar da Allah ya ba shi.

"Shak! Shak! Jama'a, shak!"

Wannan kalma ba ta buƙatar tafinta. Usur ya tashi ta ko'ina. Duk wanda ke cikin ruwa, daga wannan ƙarshen bakin teku zuwa wancan, ya fito a guje. Iyaye na jan 'ya'ya, kakanni na tsallake jikoki, kiɗa ya mutu, wani ya bi ta kan wutar tsire. Sarkin Samari, wanda ko kusa da ruwan bai je ba, sai a wurin ajiye motoci aka tsinto shi.

Shi kuwa Alhaji ya juya zai gudu, takalman suka harɗe, ya faɗi zaune. Ɗamarar darma ta danne shi a ƙasa, ruwa ya kai masa haɓa, rawani ya nannaɗe masa wuya da hannu. Da ya ji ana jansa ta wuya, ya tabbata kifin ya kama shi.

"La'ilaha illallahu! Sumaya, ki yafe mini! Jama'a ku cece ni, ban iya ruwa ba! Hoton nan bango ne! Bangon otal ne!"

Harouna ya haɗa hannu a baki ya ƙwala masa kira, "Akuyar hwa?"

"Babu akuya! Ku zo!"

Budurwar nan mai jan kaya ta shiga. Ba ta yi iyo ba, takawa ta yi har inda yake, ta kama shi ta ƙeya ta miƙar da shi tsaye, ta kwance ɗamarar darma ta rataya a kafaɗa, ta riƙo hannunsa kamar mai tsallakar da tsoho titi. Abokin aikinta ya sunkuya ya ɗago halittar da hannu biyu ya nuna wa jama'a. Wata irin ƙaguwa ce da ke yawan fitowa gaɓar nan da bazara, ko cizo ba ta yi. Ta motsa ƙafafunta a iska, ya mayar da ita ruwa.

Kafin su iso gaɓa motar asibiti ta zo, ga 'yan sanda, ga ɗaruruwan mutane jiƙe sharkaf suna neman wanda ya yi ihun. Alhaji ya zube a yashi yana haki, ido ya yi ja, numfashi na fita da ƙyar. Tahiratu ta taɓa wuyansa ta ce zafi ne da matsin riga, a cire ta yanzu. Aka ja zip, ya ƙi motsi, yashi da mai sun cushe shi. Ma'aikacin motar asibiti ya zaro almakashi.

"Kada ku yanka! Kayan aiki ne!"

"Baba, please, yi shiru."

Almakashi ya kama daga wuya ya gangara. Rigar da ta daɗe tana haƙuri ta tsage da kanta, ta buɗe gida biyu, tumbi ya fito ya sha iska. Sai dai almakashin bai tsaya bambance roba da ɗan gajeren wandon da ke ƙarƙashinta ba. Mata suka yi salati suka juya baya. Aka shiga neman babbar rigarsa, ashe masu gudu sun tattake ta cikin wata miya da ta kife.

Sarki Kadri ya matso. Ya warware rawanin daga wuyan Alhaji, ya duba shi daga baki zuwa baki, ya ga bai yage ba, ya sumbace shi ya ɗora a goshi. Sannan ya dubi Alhaji da ke durƙushe yana kare kansa da takalmin agwagwa. Ya yi ajiyar zuciya, ya matse ruwan rawanin, ya ce a miƙar da shi. Da hannunsa ya zagaya masa shi a ƙugu, ya sake zagayawa, ya soke bakin, ya kama hannun Alhaji ya ɗora a kan sokin.

Harouna ya cire hula ya rusuna. "Allah ya ja zamanin Sarki, a yi muna bayani. An naɗa ke nan, ko ba a naɗa ba?"

Sarki ya ce, "An naɗa. Iyakar inda ruwan ya kai masa, nan aka naɗa."

Dariyar da aka yi har 'yan sanda sai da suka taya, ba tare da sun san abin da aka ce ba. Amma Alhaji Braimah kalma biyu kawai ya ji, an naɗa. Ya ɗago kai. Ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji, ya dubi maroƙi ya ce, "To me kake jira?"

Maroƙi ya ɗaga lasifika. "Sarkin Ruwan Bronx! Gaishe ka, mai korar dubu da baki!"

Alhaji ya dunƙule hannu ya ɗaga sama zai yi wa jama'a jinjina irin ta sarakai. Hannun da ke riƙe da sokin ne.

Daga cikin mata, ba tare da ta ko juyo ba, Hajiya Sumaya ta ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, bar gaisuwar. Riƙe sarautarka da hannu biyu."